KAYAN LAMBUN DA IDO YA ƘI

Jama'a, a cikin wannan mako za mu yi magana a kan wata hasara wadda ba fari ke jawo mana ita ba, ba tsutsa ba, ba kuwa ambaliya ba. Mu da kanmu mu ke jawo ta da idanunmu. Watau kayan lambu da 'ya'yan itatuwa waɗanda a kan ƙi saye don kawai siffarsu ba ta gamshi mai saye ba, alhali kuwa in an yanka su ba abin da ya same su.

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Kongo da la'asar, inda masu tebur da masu baro su ke jera kayan miya, zai ga yadda abin ya ke. Ma'aikaci ya taso daga ofis, ya tsuguna gaban kashin tumatir, ya ɗauki wannan ya jujjuya, ya ajiye, ya ɗauki wancan. Mai ƙusumbi ya ture shi gefe. Mai tsaga a wajen hanci ya ture. Ƙaramin ma ya ce ba ya so. Kafin ya tashi ya tsince masu santsi ƙal, ya bar wa mai tebur sauran. Na biyu ya zo ya yi haka, na uku ma haka. In magariba ta yi, abin da ya rage ya sha matsa a hannun mutum ashirin, ya kuma sha rana. Gobe ya yi laushi, jibi ya fashe, gata sai juji. Ga shi kuwa tun 1947 aka buɗe makarantar koyon aikin akawu a nan Kongo, har ta zama babbar makarantar koyon sha'anin mulki, sabo da haka unguwa ce ta masu ilmi da masu albashi. Su ne kuwa suka fi kowa sayen abinci da ido.

Kada a ce mun ɗora laifin duka a kan mai saye na ƙarshe. Tun daga fadama a ke fara wannan tsince-tsince. Dillali ya zo bakin Galma ko Kubanni ya ce shi kayan Ikko ya ke nema, sai manya masu tauri, kai ɗaya. Gaskiyarsa ta wani gefe, gama tafiyar ta fi mil 500, a cikin kwandon kaba, an ɗora wani bisa wani. Amma me ya kan sami sauran da ya ƙi? Sau da yawa manomi ya kan bar su a gindin kunya, ya ce kuɗin tsinka da na mota ba za su fita ba. Ruwan da aka ja da inji, da takin da aka saya da tsada, da gumin wata uku, duk sun tafi ke nan a kan abin da ba wanda ya ci.

Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne cikin tumatirin da Nijeriya ta ke nomawa kashi 40 zuwa 45 cikin 100 ba ya kai bakin tukunya. Ba duka ne don muni ba, mun sani. Akwai laifin kwando, da na hanya, da na zafi. Amma muni shi ne farkon hukunci. Wanda ido ya ƙi shi ne ya kan daɗe a ƙasa, wanda ya daɗe a ƙasa kuwa shi ne ya kan ruɓe. Ranar da kaya suka yi yawa a kasuwa kuma, ido ya kan ƙara tsanani. Manoma ba su manta da ƙarshen Fabrairu na 2021 ba, sa'ad da fatake suka tsai da kai abinci Kudu na 'yan kwanaki. Kaya suka taru a kasuwannin Arewa, mai kyau ma ya rasa mai taya shi, balle mai ƙusumbi.

ME KE SA KAYA SU YI MUNI?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ko wane manomi da ko wane ɗan gwari ya iya amsawa, domin in ka san dalilin abu ka daina tsoronsa.

Tumatirin nan mai ƙusumbi, wanda gindinsa ya ke a tattare da tabo kamar an ɗinke, yawanci sanyi ne ya buge furensa. In shuka ta yi fure a tsakiyar hunturu, dare ya yi sanyi ƙwarai, furen ba ya ƙulluwa sosai, sai ɗan ya fito a karkace. Ba cuta ba ce, ba ta kuwa yaɗuwa. Mai tsaga kuma ban ruwa ne bai daidaita ba. Ka bar lambu ya bushe kwana shida don babu mai a inji, sa'an nan ka zo ka cika shi maƙil. Cikin ɗan ya kumbura da sauri, fata ba ta iya binsa ba, sai ta tsage. In tsagar ta bushe ta warke, tumatirin lafiyarsa lau. Haka kuma farin tabon nan da a kan gani a gefen tattasai da tumatir, rana ce ta ƙona wurin don ganye ya yi ƙaranci. A yanke wurin a ci sauran.

Karas mai ƙafa biyu ko uku, wanda yara su ke yi wa dariya, ko dai saiwarsa ta ci karo da dutse tun yana ƙarami, ko an zuba masa ɗanyen taki wanda bai ruɓe ba, ko ƙasar ba ta sha kafta sosai ba. Zaƙinsa ɗaya ne da na miƙaƙƙen. Albasa mai tagwaye, yawanci daga iri ne ko daga tazarar da aka ba ta wajen dashe. Ita dai ba ta jimre ajiya kamar mai kai ɗaya, sabo da haka ita za a fara ci, ba ita za a zubar ba.

Maganar lemo ita ce ta fi ba ni mamaki. Mutane su kan ga lemon ƙasashen waje ja wur a cikin kanti, su ce shi ne nunanne, namu mai koren baya ɗanye ne. Ba haka ba ne. Ɓawon lemo ba ya juyewa ja sai inda dare ke yin sanyi sosai lokacin nuna. A ƙasa mai zafi irin tamu lemo ya kan nuna sarai, ya yi zaƙi, bayansa na nan kore. Wanda kuma bayansa ya yi ƙasa-ƙasa kamar tsatsa, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne suka kankare ɓawon tun yana ƙarami, ba su shiga ciki ba. Tsofaffin masu sayar da lemo sun san wannan, shi ya sa su kan fere shi tukuna su jera a faranti, ido bai ga abin da zai ƙi ba. Mangwaro ma baƙin zanen da a kan gani ya gangaro daga hancinsa, ƙaro ne ya tsiyaya lokacin da aka tsinke shi. Da an kife shi a ƙasa ƙaron ya tsane kafin a zuba a kwando, da bai ɓaci ba.

To, ga inda na ke so a buɗe kunne. Muni daban, ruɓa daban. Abin takaici a kasuwanninmu shi ne mun juya al'amarin. Mai kuɗi ya ƙi lafiyayyen tumatir don ƙusumbi. A bar shi ya kwana uku ya fashe, ya yi ruwa, ya fara farin gashi na funfuna, ƙuda na bi. Sa'an nan a tara shi a roba a sayar da araha ga talaka da masu dafa abincin sayarwa. Ashe an ƙi shi lokacin da ya ke abinci, an saye shi lokacin da ya zama cuta. Duk abin da ya yi funfuna, ko ya ke wari, ko ya ke tsiyayar ruwa, ba na tukunya ba ne, kome tsadar kayan miya. Wasu irin funfuna su kan bar dafi wanda tafasa ba ta kashe shi. Kada wani ya ce malamin gona ya ce a ci ruɓaɓɓe. Ban ce ba.

Ido kuma ya kan ruɗi mutum ta ɗaya gefen. Ayabar nan da mangwaron da suka yi rawaya kai ɗaya, ba ɗigo ko ɗaya, wani lokaci ba Allah ne ya nuna su ba, kabaid ne, irin wanda masu walda su ke aiki da shi. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. Kabejin da ba huda ko ɗaya a ganyensa, a tambaya yaushe aka yi masa feshin ƙarshe. Manomi ya san in tsutsa ta huda ganye biyu za a karya masa kuɗi, sai ya yi feshi yau ya sare gobe. Mai saye ne ya koya masa. Mun kuwa ga ƙarshen irin wannan a kan wake: a 2015 ƙasashen Turai suka hana shigar da waken Nijeriya, ba don ƙwari sun huda shi ba, sai don maganin da aka zuba masa don kada ya hudu ya wuce kima.

YADDA TURAWA SUKA YI DA NASU

Wannan ciwo ba a kanmu aka fara shi ba. A 2011 hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da lissafi cewa sulusin abincin da a ke nomawa a duniya, wajen ton miliyan 1,300 ko wace shekara, ba ya shiga cikin kowa. A wajen kayan lambu da 'ya'yan itatuwa hasarar ta kusa rabi. A ƙasashe irin namu yawancinta tsakanin gona da kasuwa ta ke aukuwa. A Turai da Amurka kuwa a kanti da cikin gida.

Turawa har doka suka yi wa siffa. A 1988 ƙungiyar ƙasashen Turai ta ƙa'ide cewa kokwamba mai daraja ta ɗaya kada lanƙwasarta ta wuce milimita 10 a cikin ko wane santimita 10 na tsawonta. Ku ji fa, gurji da ma'auni! Suka yi shekara ashirin a kan haka, manyan kantuna suna mayar wa manoma da kaya mota-mota, kāna a 2009 suka soke irin waɗannan ƙa'idodi a kan kaya iri 26. A 2014 wani babban kamfanin kantuna na Faransa mai suna Intermarché ya ware wa munanan kaya wuri nasu, ya rage kashi 30 cikin 100 na kuɗinsu, ya yi miya da ruwan lemo da su ya ba mutane su ɗanɗana. Jama'a suka yi ta saye. A 2016 kuma Faransa ta yi doka ta hana manyan kantuna zubar da abincin da bai lalace ba, sai dai su bayar.

Abin da ya sa na kawo wannan labari, manyan kantuna irin nasu sun zo Kaduna da Kano da Abuja, suna kuwa zuwa da ma'auninsu. Bai kamata mu tsinci abin da masu shi suka gwada suka yar ba.

ABIN DA MANOMI ZAI YI

Da fari dai a daina yi wa kwando fuska. Kowa ya san abin da na ke nufi: munana a ƙasa, fasassu a tsakiya, manya jajaye a sama. Manomi yana ganin ya yi wayo. Amma dillali ba yaro ba ne, ya san da haka, sabo da haka tun kafin ya taya ya riga ya cire kuɗin abin da ya ke zato yana ƙasa. Mai gaskiya da mai fuska duk kuɗi ɗaya a ke ba su. Banda wannan, fasasshe ɗaya a tsakiyar kwando ya isa ya jiƙa na kewaye da shi kafin mota ta kai Jebba.

Abin da ya fi shi ne a rarraba tun a gona, a inuwa, da sassafe. Manya masu tauri waɗanda ba su gama nuna ba, su ne na tafiya mai nisa. Munana lafiyayyu, da ƙanana, da waɗanda suka nuna sosai, a zuba su kwandonsu daban, a kira su da sunansu, a sayar da su a kan kuɗinsu. Mu ƙaddara mutum ya tsinki kwando 10, ya ware 6 na fari, 3 na biyu, 1 na shanya. Shidan nan za su yi kuɗin da ya fi na gauraye, gama mai saye ya juye ya ga ƙasa da sama ɗaya ne, gobe kuma kai zai nema. Ukun nan ko da rabin kuɗi aka saye su, riba ce, tun da dā a kunya za a bar su.

Wa zai sayi na biyun? Masu saye suna nan birjik, ba a neme su ba ne. Zariya gari ne na makarantu. Daga Kongo zuwa Tudun Wada, zuwa Gyallesu, zuwa Samaru, dubi yawan masu tuwo-tuwo, da masu shinkafa da miya, da makarantun kwana, da masu abincin biki. Duk waɗannan markaɗe su ke kai kayan miyarsu. Injin markaɗe kuwa bai san mai ƙusumbi ba. Manoma biyar ko shida na fadama ɗaya in suka haɗa kai suka sami masu abinci goma, suka yi alkawarin kawo musu lafiyayyen kaya ranar da aka tsinka, a kan kuɗi mai sauƙi, kowa ya huta. Mai abinci ta rabu da ruɓaɓɓe, manomi ya rabu da hasara. Wannan ba ya bukatar rancen banki ko izinin kowa.

Masana'anta ma haka ta ke. Ita ja ta ke nema da kauri da rashin ruɓa, ba ruwanta da siffa. Sai dai ba na ba kowa shawara ya rataya gonarsa a wuyan masana'anta kaɗai. Ta Ikara, wadda aka kafa a 1981, ta yi shekaru da yawa a rufe. Ta Ɗangote a Kadawa, wadda aka gina don ta markaɗe ton 1,200 a yini, an buɗe ta a 2016, ba ta yi wata nawa ba ta tsaya, gama a shekarar ce tsutsar nan da manoma su ke kira sharon ta cinye gonaki, har gwamnatin Jihar Kaduna ta yi shelar halin gaggawa a kan tumatir. In masana'anta na saye, a kai mata. In ba ta saye, kada a zauna jiranta.

Gama muna da tamu masana'antar tun kaka da kakanni, watau rana. Iyayenmu mata ba su taɓa tambayar ko kuɓewa miƙaƙƙiya ce ko lanƙwasasshiya kafin su yanka ta su shanya ba. Lawashin albasa ma ba su yar ba, sun kirɓa shi sun yi gabu. Kauɗa kuwa ita ce ta kan riƙe tukunya da damina sa'ad da ɗanyen tumatir ya gagari talaka. Abin da ya ɓata wa kauɗa suna shi ne yadda a ke yin ta: a jira sai tumatir ya fara lalacewa, a yayyanka shi a baza a ƙasa a gefen titi, ƙura da awaki da hayaƙin mota su bi ta kai, ya bushe baƙi ƙirin da tsakuwa a ciki. In a ka yi ta yadda ya kamata, abin ya sha bamban. A ɗauki nunanne lafiyayye ranar da aka tsinke shi, a wanke, a yanka da wuƙa mai tsabta, kauri ɗaya. A kafa gado na kara ko na itace wanda ya kai ƙugu, a shimfiɗa tabarma ko asabari, a jera yankan yana kallon sama, a rufe da gidan sauro tsoho don ƙuda. A kwashe da yamma kada raɓa ta taɓa. A zafin Maris da Afrilu 'yan kwanaki kaɗan sun isa. Tumatir kusan kashi 94 cikin 100 ruwa ne, sabo da haka kada mutum ya firgita in ya ga awo 15 na ɗanye ya koma wajen awo 1. Sai ta bushe ƙayau kāna a ɗura a buhu, a ɗora bisa katako a ɗaki mai iska. Irin wannan kauɗa ja ta ke fitowa, mai saye kuwa da ganinta ya san ba ta titi ba ce.

Masu tebur kuma ga tasu dabara, ba ta kuwa zo daga Turai ba. Wani malamin makaranta na Jihar Jigawa, Malam Muhammad Bah Abba, ya yaɗa ta a ƙauyuka har aka ba shi lambar girma ta Rolex a shekarar 2000. Tukunyar ƙasa ce ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafi daga ciki. A gwajin da ya yi, yalon da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka kai mako uku. Ta fi aiki da rani sa'ad da iska ta ke a bushe, watau daidai lokacin da kaya su ke yawa. Mai tebur da ke da irin wannan tukunya biyu a gida ba dole ne ya fitar da kayansa duka rana ta dake su ba. Ya fitar da na yini, ya kasa masu kyau daban, munana daban da rangwame, kuma ya hana a yi ta matsa masa kaya.

Wanda ya ruɓe sarai ma yana da wurinsa, amma ba kwata ba. A haƙa rami a gefen lambu, a zuba shi tare da ganyen kabeji da shara da toka da kashin dabbobi, a riƙa juyawa, ya zama taki. Sai dai wanda tsutsar sharon ta huda, shi kam a binne shi da zurfi, kada a bar shi a fili ta ƙyanƙyashe ta koma gona.

Mai son ya ga yadda a ke kafa gadon shanya, ko yadda a ke jera kaya a akwatin roba maimakon kwando, sai ya nemi malamin gona na yankinsa, ko ya je Samaru, inda a ke binciken aikin gona tun 1922. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda a ke gina rumbun albasa da zai kai ta har damina.